Me ya sa Indiya ta kwashe kusan shekara 20 tana haɗa jirgin ruwa guda ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na ga wani bidiyo na jirgin ruwan yaƙin Indiya mai ɗaukar jiragen sama, Vikrant, mai bayanin yana cewa wai tun 2003 aka amince da aikin amma sai 2022 ya fara aiki. Ni abin ya ɗaure min kai, ƙasar da ta tura na'ura har duniyar wata ace jirgin ruwa ɗaya ya gagare ta shekara da shekaru? Cin kuɗi ne ko rashin iyawa? Kuma naji ance China ta yi nata cikin ɗan lokaci.

Amsa: Wa alaikumus salam. Lissafin mai bidiyon daidai ne, gwamnatin Indiya ta sa hannu a farkon 2003, an fara yankan ƙarfe a 2005 a masana'antar ƙera jirage ta Cochin Shipyard da ke garin Kochi a jihar Kerala, an aza harsashin jirgin a Fabrairun 2009, sannan sai ranar 2 ga Satumba 2022 Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da shi. Da farko kuwa 2010 aka ce za a miƙa shi, kaga an zarce da shekara 12 kenan. Kuɗin ma haka, an fara da kimanin rupee (kuɗin Indiya) biliyan 32, zuwa 2014 sai da aka sake amincewa da sama da biliyan 190.

Toh amma a ganina ba cin kuɗi bane tushen abin, kuma ba wai basu iya walda ba. Matsalar itace sun fara gini alhali basu gama tsayar da abin da suke son ginawa ba, kuma kayan cikin jirgin masu muhimmanci suna hannun wasu ƙasashe. Ka ɗauka kamar mutumin da ya haƙa fandisho na ɗaki huɗu, ana cikin jera bulo ya ce a'a bene yake so, kuma rodin da zai yi dekin ɗin sai an yo masa odarsa daga wata ƙasa. Tun asali ƙaramin jirgi aka zana, daga baya da aka tsayar cewa jirgin yaƙin Rasha MiG-29K ne zai riƙa tashi a kansa sai aka yi ta ƙara girma har ya kai wajen tan dubu 45, tsawon mita 262, faɗi mita 62. Kuma a jirgin ruwa ba a taɓa abu ɗaya shi kaɗai, ka ƙara faɗin ɗakin ajiye jirage nauyi ya canza, nauyi ya canza sai an sake lissafin yadda jirgin zai tsaya a ruwa, daga nan bututu da wayoyi duk sai an sake musu hanya.

Cikas na farko babba shine ƙarfe. Ba kowane ƙarfe ake yin jirgin yaƙi da shi ba, ana son wanda yake da ƙarfi amma baya tsagewa idan ya sha duka ko sanyi, kuma ya karɓi walda. Daga Rasha aka shirya sayo shi, sai abin ya ƙi tafiya. Dole hukumar binciken kayan tsaro ta Indiya, DRDO, da kamfanin ƙarfe na gwamnati SAIL suka zauna suka haɗa nasu mai suna DMR 249A, aka riƙa narka shi a masana'antun Bhilai da Rourkela da Bokaro. Wannan ya ci shekaru, shi yasa kaga tazara tsakanin 2005 da 2009. Amma fa anan jinkirin ya zama gobarar Titi, don yanzu da wannan ƙarfen suke yin sauran jiragen yaƙinsu ba sai sun jira kowa ba.

Na biyu giyabos. Jirgin yana da injina huɗu ƙirar LM2500 na kamfanin General Electric na Amurka, irin masu aiki kamar injin jirgin sama, suna juyawa da mugun gudu, ita kuwa farfelar jirgin ruwa a hankali take so, don haka sai an sa ƙaton giyabos a tsakani ya rage gudun ya haɗa ƙarfin inji biyu a kan sanda ɗaya. Wani kamfanin Indiya ne mai suna Elecon ya yi shi da taimakon Renk na Jamus, kuma basu taɓa yin mai girman haka ba, sai ya makara. Abin da mutane basu ganewa shine giyabos da manyan injina a can ƙasan cikin jirgin suke zama, kuma tun ana gini ake saka su kafin a rufe sama, ba kamar mota bace da za ka buɗe bonet ka zura daga baya. Idan basu iso ba aikin da ke samansu duk ya tsaya. Ga kuma hatsarin mota da ya rutsa da janareto a hanyar kawo shi Kochi. Har ta kai a Disambar 2011 aka fitar da gangar jikin jirgin daga busasshen ramin da ake ƙera shi aka ajiye ta a ruwa ba a gama ba, saboda ramin ana buƙatarsa don wasu ayyukan kasuwanci, daga baya aka sake mayar da ita.

Sannan akwai saita sandar farfela, wanda duk wanda ya taɓa aikin injin jirgin ruwa ya san ciwon kan da ke ciki. Sanda ce doguwa mai nauyin gaske tun daga giyabos har bayan jirgi, kuma dole ta miƙe sak, kuskuren da bai kai kaurin farce ba sai ya sa ta riƙa girgiza tana cin boris. Wani abin haushin kuma jikin jirgi yana ɗan lanƙwasa idan ya bar kan tubalan da yake zaune ya hau ruwa, har zafin rana ma yana motsa ƙarfe, shi yasa masu awon sukan fi son yi da dare ko da asuba.

A Agustan 2013 aka yi bikin saka shi a ruwa, jaridu suka ɗauka, mutane suka zaci an kusa. Ina! Gangar jiki ce kawai. Aikin ciki shine mai cin rai, ɗakuna sama da 2,000, waya mai tsawon fiye da kilomita 2,000, wurin kwana da girki da asibiti na mutum wajen 1,600. Kuma anan ne aka sake komawa jiran Rasha, domin yawancin kayan da suka shafi tashi da saukar jirage daga can suke, hukumar zane ta Nevskoye ce ta tsara su. Shi Vikrant bashi da majaujawar harba jirgi irin ta Amurka, gabansa ne aka ɗaga sama kamar tudu, jirgi ya taho da gudu ya haye ya tashi, wajen sauka kuma akwai ƙugiya a wutsiyar jirgin da take cafke ɗaya daga cikin wayoyin ƙarfe da aka shimfiɗa a kan dandamalin, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya tsaya cak. Injin da ke riƙe wayoyin nan a ƙarƙashin dandamali yake, idan zanensa bai zo ba baka san girman ɗakin da za ka bar masa ba balle inda waya da bututu za su bi. Rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnati na 2016 ya fito da wannan ƙarara, har ya nuna sojan ruwa suna cewa Disambar 2018 za a gama, masana'antar kuma tana cewa sai 2023. Kaga masu riƙe da wutar walda sun fi kusa da gaskiya.

Sauran ƙananan abubuwa ne, a 2019 wasu leburori biyu masu fenti suka sace kayan kwamfuta daga cikin jirgin aka shiga bincike, sai korona ta zo ta hana injiniyoyin waje shigowa. Sai Agustan 2021 ya fara fita teku gwaji.

Maganar China kuwa, gaskiya ne nasu jirgin mai suna Shandong ya shiga ruwa a 2017 ya fara aiki a Disambar 2019, amma kwatancen bai zauna sosai ba. Su sun sayi tsohon jirgin Tarayyar Sobiyet da ba a ƙarasa ba mai suna Varyag daga Yukren a 1998, suka ja shi zuwa Dalian suka yi shekaru suna kwance shi suna ɗaurawa har ya zama Liaoning a 2012, shi Shandong kusan ƙaninsa ne da aka yi wa gyare-gyare, ga shi kuma China na cikin manyan masu ƙera jiragen ruwa na duniya, ƙarfe da ma'aikata duk a gida. Ko Faransa da ta daɗe a harkar, jirginta mai suna Charles de Gaulle an fara shi 1989 sai 2001 ya fara aiki, kuma a gwaji farfelarsa ta karye a tsakiyar teku. Ita kanta Indiya da ta sayi na hannu daga Rasha, Vikramaditya, an yi ciniki a 2004 za a kawo 2008, sai ƙarshen 2013 aka miƙa mata shi kuma kuɗin ya ninka fiye da sau biyu.

Inda zan ɗora musu laifi shine saka ranakun da su kansu sun san ba za su yiwu ba, da sakin kuɗi da kwangila gutsi-gutsi. Kuma ko ranar da Modi ya ƙaddamar da shi babu jirgin yaƙin da ya taɓa sauka a kansa, sai Fabrairun 2023 aka yi saukar farko. Jiragen saman yaƙi na Rafale masu tashi a kan jirgin ruwa guda 26 da ake so su gaji MiG-29K kuwa sai Afrilun 2025 aka sa hannu da Faransa a kan sayensu.