Ga ƙanena da ke son zuwa Jamus karatun leza

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin fizik a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kana son zuwa ka yi aiki da "na'urar da ke ɗaukar hoton wutar lantarki". Ba kai ne na farko daga Sakkwato da ya rubuto mini haka ba, kuma yawancinku ba ku san abin da na'urar ke ɗauka ba.

In aka harba leza, wato siririn haske mai ƙarfi, a kan ɗan tsagin da aka yi a jikin zinariya ko azurfa, ilektiron ɗin da ke saman ƙarfen, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, sai su yi ta kaɗawa tare, igiya ta bazu kamar an jefa tsakuwa a gulbin Rima. Ita ce filasmon, wadda Rufus Ritchie ya yi hasashenta tun 1957. Saurin mutuwa gare ta, da femtosakan muke auna ta, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Babu kyamarar da za ta kama wannan. Dabarar ita ce harbi biyu: na farko ya tada igiyar, na biyu ya biyo bayan ɗan jinkiri ya fizgo ilektiron daga ƙarfen, na'urar, wadda maikiroskop ce ta ilektiron, ta zana inda suka fito. Sai a canza jinkirin, a sake, a sake, har hotunan su zama fim. Irin wannan dabarar ce ta kai Ahmed Zewail ɗan Masar ga kyautar Nobel a 1999.

Amma aikin kansa zaman ɗaki ne mai duhu da sanyi. Zafin ɗakin ya ɗan motsa, saitin madubai ya goce, wahalar mako ta tafi a banza. Abin da ya fi yi mini ciwo kuwa, da na zo Jamus ba wanda ya yarda da takardar shaidar karatuna. Wanke gilasai aka bar ni ina yi, ƙananan ɗalibai na taɓa lezar ina kallo. Lissafi ne ya fitar da ni, yau ni ke koya wa sababbi na'urar.

Kada ka ba wani ejan ko sisi. Bizar ɗalibi na buƙatar sama da Yuro 11,000 a asusu, kada Baba ya sayar da gonar fadama saboda wannan. Nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban waje kuɗin karatu, ko gurbin digiri na uku mai albashi. Ka kuma sani, in ka koma gida da wuya ka samu irin wannan ɗakin bincike.

In da gaske kake, ɗauki lissafin Maxwell na lantarki da maganaɗisu, ka fitar da igiyar da ke bin iyakar zinariya da iska, da hannunka a takarda, ka turo mini tare da sakamakon digirinka. Ka gaida su Inna.