Amsar tambayar Goggo kan yaron da ke karɓar 2,000 don saka suna a tallafi

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Goggo, ina gaisuwa, yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari muryar da kuka turo da rana, ina aji ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Ga wanda bai ji ba, Goggo ta ce wani yaro yana bi gida-gida a unguwarsu nan Kumo da littafi a hannu, yana karɓar naira 2,000 da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki, wai zai saka sunan mutum a tallafin gwamnatin tarayya na naira 75,000. Maƙwabciyarta ta riga ta ba shi, ita ma tana shawarar ta sayar da kaza ta bayar.

Goggo, don girman Allah kada ku ba shi ko sisi. Ku bar kazarku. Wannan rajistar ba a sayen shiga cikinta, kuma babu wani yaro mai littafi da ke da ikon saka sunan kowa. Ku ɗan yi haƙuri da ni, muryar za ta yi tsawo, amma gara kowa ya san yadda abin yake tafiya.

Akwai babban kundi na ƙasa da ake rubuta gidajen talakawa da marasa galihu a ciki. Ofishin da ke riƙe da shi a Abuja ana ce masa NASSCO, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ake kira SOCU, mu ma a Gombe akwai. Yadda aka tsara abin, ma'aikata ne za su zo daga ƙaramar hukuma, su sanar da jauro, a tara mutanen gari da rana tsaka kowa na gani. Na taɓa halartar irin wannan zama a ƙauyen kakanninmu ta wajen Pindiga. Aka raba mu, maza gefe, mata gefe, matasa gefe. Ba a ce ku kawo sunaye ba tukuna. Tambayar farko ita ce, a garin nan da me ake gane talaka? Maza suka ce wanda ba shi da gonar kansa sai ƙwadago, da wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin ruwan farko ya sauka. Mata kuwa suka ce gidan da rana za ta take ba a ga hayaƙi ya tashi ba, da matar da ke zuwa surfe gidan wasu don a sallame ta da tsaki. Daga nan ne kowane ɓangare ya lissafa gidajen da ya san suna cikin wannan hali, aka haɗa, aka karanta da ƙarfi. Kun san wani abu? Akwai wata tsohuwa makauniya a bayan gari da jikoki marayu a gabanta, duk zaman maza babu wanda ya tuna da ita. Mata ne suka ambace ta, suka tsaya kai da fata sai da aka rubuta. Shi ya sa nake roƙon iyayenmu mata, duk ranar da aka yi shelar irin wannan taro, ku bar wanke-wanken ku fito. Ku ne kuka san tukunyar da ba ta hau wuta ba.

Bayan haka sai masu ɗaukar bayanai su bi gidajen da na'ura a hannu, su tambayi mutum nawa ne a gidan, rufin na kwano ne ko na ciyawa, ina ake ɗebo ruwa, yara na zuwa makaranta, akwai dabbobi. Kwamfuta ce ke jera gidajen daga wanda ya fi shiga matsi. A duk wannan tafiyar babu inda ake cewa kawo kuɗi. Sannan ku riƙe wannan: shigar suna cikin kundi ba shi ne samun kuɗi ba. Daga cikin kundin ne kowane shiri yake ɗibar adadin da kuɗinsa zai iya ɗauka. Mutum na iya shekara da shekaru sunansa na ciki bai ga alat ba.

To, shi wannan 75,000 ɗin gaskiya ne akwai shi, shi ya sa ma ƙaryar yaron take shiga. Asalin abin tun 2016 ne, zamanin Buhari, lokacin da aka fito da N-Power mai biyan matasa 30,000 a wata, da ciyar da 'yan firamare, da kuma 5,000 a wata ga gidajen talakawa, wanda ake haɗawa a ba da 10,000 duk bayan wata biyu, galibi a hannun uwar gida. Har dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su, cikin wannan rabon aka zuba. Na ga matan da suka yi adashe da kuɗin nan suka sayi tunkiya, wata ta kafa kaskon ƙosai har yau tana ci da shi. Amma fa a 2016 litar fetur 145 ce. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Sai a watan Oktoba na 2023 aka ƙaddamar da sabon rabo, 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Shi ne ya ba da 75,000 ɗin.

Ni dai a ganina kuɗin ya yi kaɗan ƙwarai. Ku lissafa, gida mai mutum goma, 25,000 a wata, kowane mutum bai samu naira 100 a rana ba. Kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, rashin abinci, rashin ruwa mai kyau, rashin asibiti da makaranta, kuma Gombe na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Duk da haka, ga matar da ba ta da ko mudun masara a ɗaka, 25,000 ba abin rainawa ba ne. Kuma haƙƙinta ne. Dukiyar ƙasa ce, wani ɓangare ma bashi ne daga Bankin Duniya wanda jikokinmu za su biya. Babu wanda ya yi mata alfarma da har sai ta ba shi goro.

Muryar ta yanke, bari in ci gaba.

Bappa, na ga abin da kuka rubuta, cewa duk siyasa ce, sai ɗan jam'iyya ake ba. Ba zan ce ba ku da gaskiya ba. A Janairun 2024 an dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 cikin asusun wata mutum ɗaya, aka tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya na wani lokaci. Tun kafin nan ma, a Yulin 2023, gwamnoni da kansu sun ce ba su amince da ingancin kundin ba. Kuma irin shinkafar rage raɗaɗi da aka yi ta rabawa bayan an ware wa kowace jiha naira biliyan 5 a Agustan 2023, duk kayan da zai bi ta hannuwa da yawa, mun san yadda buhu ke komawa mudu kafin ya iso ƙasa. Amma Bappa, idan muka ce duk banza ne muka naɗe hannu, wa muka bar wa filin? Masu rubuta sunan matansu da ƙannensu. Abin da za mu riƙa nema abu ne mai sauƙi: duk jerin sunayen da aka ce na unguwarmu ne, a karanta shi a ƙofar jauro, a liƙa shi a bango. Wanda ke da albashi da mota aka ji sunansa, kunya kaɗai ta ishe shi.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. Da aka dawo da biyan, sai aka ce dole a tantance mutum da NIN, kuɗin kuma ta asusun banki ko na waya zai shigo. Manufar mai kyau ce, don a kori sunayen bogi. Kuma ni ina goyon bayan a daina tara talakawa a layi cikin rana. Ba mu manta abin da ya faru a garin Bauchi a watan Maris na 2024 ba, cikin azumi, da aka yi turmutsitsi wajen rabon zakka, aka rasa rayuka, mata da 'yan mata. Allah ya jiƙansu. Yunwa ce ta fito da su. To kuɗi ya sami mutum a wayarsa ya fi mutunci nesa ba kusa ba.

Sai dai wa ke da NIN da asusu da waya mai aiki? Ni da ku masu sauraron wannan muryar. Wadda aka yi shirin dominta ita ce ba ta da su. Na raka wata tsohuwa ɗaukar NIN, aka ɗora yatsunta a kan gilashin na'urar, aka goge, aka sake ɗorawa, aka shafa mata ruwa, zanen yatsun ya ƙi fitowa. Surfe da fartanya da wankin toka sun cinye shi. Tana zaune tana ta ba ma'aikacin haƙuri, kamar ita ta yi laifi. Wata kuma a NIN an rubuta Aishatu, a banki Aisha, shekarar haihuwa ma kowace takarda da tata, domin ranar da aka tambaye ta cewa ta yi a rubuta duk abin da ya dace. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, da ta ga saɓani sai ta tsallake. Wata layin da ta bayar na ɗanta ne da ya tafi ci-rani Legas, wata an rufe layin saboda ba a haɗa shi da NIN ba. Kuɗi na iya shigowa ba ta sani ba, ko wani ya sani kafin ita. Irin waɗannan ba sa ƙorafi, ba su san ma ofishin da za su je ba. Cewa suke Allah bai nufa ba.

Saboda haka matasan zauren nan, Hamma da ku sauran, aikin namu ne. Kowa ya ɗauki tsoho ɗaya ko uwar marayu ɗaya a layinsu. Ka duba tana da NIN? Idan ta yi ta manta lambar, a danna *346# a layin da ta yi rajista da shi. BVN kuma *565*0#. Ana cire 'yan kuɗi kaɗan a katin waya. Ka ɗora sunayen biyu ka gani ko sun yi daidai, harafi da harafi. Idan ba ta taɓa yi ba, ɗaukar NIN karon farko kyauta ne a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da lambar, gyaran suna ko shekara ne ake biya. Ka kai ta a mashin ɗinka, ka zauna da ita har a gama. Idan alat ya shigo, ka raka ta wajen mai POS, ita ta danna lambar sirrinta da hannunta, a ƙirga kuɗin a gabanta. Kada ta bar katinta a hannun kowa ya kwana, ko da ɗan cikinta ne.

Akwai kuma wani tallafi da ba a cika maganarsa ba, alhali a wurina ya fi 75,000 amfani. Shi ne na lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A nan Gombe hukumar GoHealth ce ke yi wa marasa ƙarfi rajista, 'yan uwanmu da ke Bauchi kuma tasu BASHCMA ce. Mazaɓu 114 gare mu a jihar nan, kuma tsarin shi ne kowace mazaɓa da asibitinta na sha-ka-tafi da aka ware. Wanda ya shiga, ana duba shi a ba shi maganin da ke cikin tsarin ba tare da ya biya ba, kuma an fi ba da fifiko ga masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Gurbin ba ya isar kowa, gaskiya ne. Amma mu da muka san yadda zazzaɓin yaro ɗaya cikin damina yake sa a sayar da akuya, ko haihuwa mai gardama ta sa a jinginar da gona, mun san darajar wannan katin. Adda, ke da kike aiki a asibiti, don Allah ki tambayo mana shugaban asibitin mazaɓarmu yaushe ake ɗaukar sababbi, ki sanar a nan. Goggo, da wannan ƙafar taku, ku ne na farko da nake so a rubuta.

Sai maganar maƙwabciyarku da ta riga ta bayar. 2,000 ɗin ƙaramin abu ne a kan lambobin da ya tafi da su. Mai BVN ɗinki da lambar wayarki da ranar haihuwarki, abin da ya rage masa kawai ya kira ya ce daga Abuja ne, an turo miki wasu lambobi ta saƙo, karanto mini kuɗinki ya fito. Tana karantawa an kwashe asusun, ko a ci bashi da sunanta a manhajojin bashin nan na waya. Ku gaya mata yau ɗin nan, duk wanda ya kira ya nemi lamba ta kashe wayar. Gobe da safe ta je bankinta ta faɗa musu abin da ya faru, ta canza lambar sirri. Kada a yi mata faɗa don Allah, buƙata ce ta kai ta. Yaron kuma kada wanda ya taɓa shi. A sanar da jauro, shi ya san yadda zai haɗa shi da hukuma, a karɓo littafin nan, domin lambobin mutane da yawa na ciki.

Ranar Asabar bayan la'asar zan zo ƙofar gidan Goggo da takarda da biro. A gaya wa tsofaffin layin su fito da duk takardar da suke da ita, ta NIN, ta banki, katin zaɓe, da wayar da suke amfani da ita. Ina buƙatar mutum biyu masu mashin da mace ɗaya da za ta shiga cikin gidaje wajen waɗanda ba sa iya fitowa. Wanda zai samu zuwa ya rubuta sunansa a ƙasan wannan muryar kafin Juma'a. Goggo, a gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.