Naɗin Ƙarfen Haɗa Batirin Laftop: Nikel Ne Ko Shafe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Taminus, cikin Jos. Na sayi naɗin siririn ƙarfen da ake haɗa ƙwayoyin batirin laftop da shi, aka ce mini nikel ne, amma damina ba ta ƙare ba sai da ya fara tsatsa. Cutata aka yi, ko dama haka yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ke hannunka baƙin ƙarfe ne da aka shafe da nikel, domin tsantsar nikel ba ya jar tsatsa ko da ya sha danshin Jos na watan Agusta. Kada ka gwada da maganaɗisu, saboda yana kama duka biyun. Ka yanki ɗan guntu, ka kankare shi da samfefa, ka jefa a ruwan gishiri ya kwana biyu. Idan ruwan ya yi ja, to shafe ne. Idan kuma ka kara shi a injin wasa wuƙa, baƙin ƙarfe zai yi ta feshin tartsatsi, nikel kuwa da ƙyar za ka ga wani abu.

Abin da ya fi damuna ba tsatsar ba ce, zafi ne. Ƙwayar batirin da kuke kira 18650 faɗinta milimita 18 ne, tsawonta 65, kuma fallen da ke haɗa su yawanci kaurinsa bai wuce milimita 0.15 ba. A irin wannan siranta, baƙin ƙarfe ya fi nikel tauye wutar da ke bi ta cikinsa, sai ya riƙa ɗumama a jikin ƙwayar da ba ta son zafi. Shi ya sa ma nake roƙon masu gyara su daina narka dalma a kan ƙwayar, su nemi injin walda mai ɗigo wanda ke liƙe fallen cikin ƙiftawar ido.

A masana'anta, murza ƙarfen ake yi tsakanin manyan tayoyi har ya sirance daidai awo, a gasa shi ya yi laushi, sannan a yanka a naɗe. Kowane gami da aikinsa. 'Yan haƙoran da ke danne katin SIM a cikin waya sau da yawa jan ƙarfe ne da aka gauraya da kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Filato, domin su lanƙwasu su dawo yadda suke. Akwai kuma Invar, gamin baƙin ƙarfe da nikel kashi 36 cikin 100, wanda Charles Guillaume ya gano a 1896. Kusan ba ya miƙewa idan ya ji zafi, shi ya sa ake amfani da fallensa wajen ƙera fuskar waya ta OLED.

Naɗin da ka saya zai yi wa ƙaramar tocila aiki, amma kada ka sa shi a batirin laftop ɗin mutane.