Ƙanena, kar ka ƙara tambayata ko ina cikin biyun

Saƙonka ya iso, na kuma taya ka murnar samun gurbin karatun lauya a nan Ingila. Allah ya sa albarka. Batun masauki za mu yi shi ta waya. Ɗayar tambayar taka ce ta sa na zauna rubutu. Ka ce Hajiya ta ba ka labarin an taɓa kirana cikin mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci a wata shari'ar kisan kai, aka sami wanda ake tuhuma da laifi da rinjayen 10 a kan 2. Kana son sanin ko ina cikin biyun da suka ƙi, da abin da aka faɗa a ɗakin. Har ka ce ai tsakaninmu ne, wa zai ji?

Ba zan gaya maka ba, yayarka ma da muke kwana ɗaki ɗaya ban gaya mata ba. Tun 1981 dokar ƙasar nan ta hana fitar da abin da aka tattauna a ɗakin ko yadda kowa ya jefa ƙuri'arsa, kuma daga 2015 laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 2. Mai bugun ciki don ya ji, shi ma dokar ta hau kansa.

Kada ka ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Daga rajistar masu zaɓe ake zaƙulo sunaye, kuma ɗan Najeriya mai izinin zama yana iya yin rajista saboda muna cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. In kana tsakanin shekara 18 da 75, ka kuma yi shekara 5 a ƙasar, takarda na iya zuwa maka.

Abin da zan iya ba ka labari shi ne bakin ƙofa. Da alƙali ya gama bayani, ma'aikacin kotu ya yi rantsuwa cewa ba zai bari kowa ya yi mana magana ba. Aka karɓe wayoyinmu, aka kai mu wani ɗaki mai dogon tebur da butar ruwa a tsakiya, aka ja ƙofa. Kafin 1967 sai bakin duk sha biyun ya zo ɗaya. Yanzu in an shafe aƙalla awa 2 ba a daidaita ba, alƙali na iya karɓar rinjayen 10, ko da yake a shari'ar kisa yakan bari a daɗe fiye da haka sosai. Ranar da muka fito, aka tambayi shugabanmu mutum nawa suka yarda, nawa suka ƙi. Ya faɗi adadi, ba wanda ya tambayi su wane ne. A wajen zaman 'yan kallo uwar mamacin na gefe guda, uwar wanda ake tuhuma na ɗaya gefen, kowacce tana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Hukuncin kisan kai a nan ɗaurin rai da rai ne, alƙali ba shi da zaɓi. Har yau idanun matan nan biyu ba su bar ni ba.

Ka saba da tsarin gida, inda alƙalin babbar kotu ke zama shi kaɗai a kan tuhumar kisan kai ta sashe na 221 na dokar Penal Code, ya rubuta dalilansa shafi-shafi, lauya ya bi su da ido ya ɗaukaka ƙara. A nan kuwa a ce mai laifi ne ko a ce ba shi da laifi, shi ke nan, babu dalili. Da farko abin ya tsaya mini a rai. A kujerar nan na gane amfaninsa. Cikin sha biyun akwai direban bas, akwai mai sayar da kaya a kanti, mutanen da gobe za su iya haɗuwa da dangin mamaci a hanya. In sun san za a buga sunansu a jarida, wa zai iya buɗe baki ya ce ban gamsu ba? Mai ƙin yarda shi ya fi kowa buƙatar rufin asirin nan. A 1670 an kulle masu taya alƙali kwana biyu ba ci ba sha don sun ƙi kama wani mai wa'azin Kirista, William Penn, da laifi, aka ci su tara, ɗaya daga cikinsu, Edward Bushell, ya ƙi biya aka tsare shi, har babbar kotu ta ce ba a hukunta mai taya alƙali saboda abin da ya yanke.

Amma rufin asirin nan yana da tasa cutar, ba zan ɓoye maka ba. A 2007 an kama wata mai rainon yara da laifin mutuwar jaririya, 10 a kan 2. Shugaban masu taya alƙalin, Michael Seckerson, yana cikin biyun, abin ya hana shi sukuni, ya kai kukansa jaridar Times. A 2009 aka ci shi tarar fam 500, jaridar fam 15,000.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce shari'ar Mirza, ko da yake ba ta kisa ba ce. Mutumin ɗan Pakistan ne da ya daɗe a Ingila, ya nemi tafinta a kotu. Bayan an kama shi da laifi, ɗaya daga cikin masu taya alƙalin ta rubuta wa lauyansa cewa sauran sun ɗauki neman tafintan a matsayin yaudara. A 2004 kotun ƙoli ta lokacin, a Majalisar Dattawan Birtaniya (House of Lords), ta ce ba za a buɗe abin da ya gudana a ɗakin ba. Alƙalai 4 suka tafi a haka, Lord Steyn kaɗai ya ƙi. Ni ina tare da shi. Na san dattawanmu da yawa a nan da ke cinikin kasuwa da Turanci, amma in rayuwarsu ce a kan sikeli dole su nemi mai fassara musu da Hausa. A Amurka, a 2017, Kotun Ƙoli ta yarda a buɗe ɗakin in akwai shaidar wariyar launin fata.

Abin da ya rage wa mai ƙin yarda a nan shi ne ya yi magana tun da zafi. In ya ga ana hukunta mutum da launinsa ko harshensa, ya rubuta takarda ya ba ma'aikacin kotu ya kai wa alƙali kafin a faɗi hukunci. In an faɗa an watse, da wuya a ƙara sauraronsa.

In ka iso, kafin littattafai su danne ka, ka je kotun Old Bailey a Landan ka zauna cikin 'yan kallo wuni guda, ka dubi mutum 12 ɗin nan lokacin da suke dawowa daga ɗakin. Shiga kyauta ne, sai dai ka bar wayarka a masauki, ba a shiga da ita. Ka gaishe mini da Hajiya.