Minsharin Maigida da Hawan Jinin da Ya Ƙi Sauka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana shekarunsa 52, yana da ƙiba. Minshari yake yi har yara na ji daga ɗakinsu, sai ya yi tsit kamar ba rai, can kuma ya zabura yana haki. Da rana gyangyaɗi yake a shago. Maganin hawan jini kala uku yake sha, amma jinin ya ƙi sauka. Surukata ta ce dannau ne. Daga Maman Sadiƙ, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Maman Sadiƙ. Shirun nan da kike ji ya fi tayar min da hankali a kan minsharin. Ina kyautata zaton ba dannau ba ne, alamun ɗaukewar numfashi ne cikin barci. Naman maƙogwaro ke saki ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye. Idan abin ya yi tsanani, sai ya maimaitu sau 30 ko fiye a awa ɗaya.

Duk lokacin da numfashin ya tsaya, iskar oksijin ta ragu a jini, sai jiki ya firgita kamar an kawo masa hari: zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke. A mai lafiya, jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan ya yi barci, jijiyoyin su samu hutu. Shi kuwa nasa kwana suke aiki. Yau da gobe sai shimfiɗar cikinsu ta lalace, su yi tauri, kamar tiyon ruwa da ya daɗe a rana. Daga nan ake samun hawan jinin da ba ya jin magani, da rikicewar bugun zuciya, har da shanyewar ɓarin jiki, Allah Ya kiyaye. Na fi jin tsoron wannan na ƙarshen.

Ki ɗauki sautin barcinsa a waya, da izininsa, ku kai wa likitansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ku nemi a tura shi gwajin barci. Idan ya tabbata, akwai na'urar CPAP mai hura iska ta takunkumi don hanyar ta zauna a buɗe. Tana aiki da lantarki, sai ku yi tanadin batir ko sola.

Kafin nan, ya riƙa kwanciya a gefe, ba rigingine ba, ya rage nauyi, ya guji ƙwayar sa barci. Kada ya bar magungunansa. Kuma don Allah, Hajiya, kada ya kama tuƙi zuwa Bauchi ko Kano yana wannan gyangyaɗin.