Zan tafi karatu Tokyo, kuɗin sikolashif zai ishe ni haya da abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin yin mastas a Tokyo ta hanyar tallafin gwamnatin Japan na MEXT, an ce za a riƙa ba ni yen 144,000 duk wata. Don Allah zai ishe ni haya da abinci? Kuma yaya batun abincin halal? Ina da mata da yaro ɗaya, ina so mu tafi tare. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Kai kaɗai kuɗin nan zai riƙe ka in dai za ka dafa da kanka kuma ba ka ce sai ka zauna tsakiyar birni ba. Inda mutane ke shan wuya shi ne watan farko, don kuɗin tallafin ba ya shigowa ranar da ka sauka, sai ka yi wata ɗaya ko fi, shi ya sa su kansu masu sikolashif ɗin suke cewa ka zo da kamar dala 2,000 a hannu. Kar ka raina wannan shawarar.

Batun gida shi ne babba, bari in daɗe a kansa. Ɗaki ɗaya mai ɗan kicin da banɗaki, wanda suke kira 1K, a unguwannin tsakiyar birni irin su Shinjuku ko Shibuya zai iya cinye maka yen 100,000 ko sama, ka ga ba abin da ya rage kenan. Amma in ka matsa Adachi ko Katsushika ko Edogawa, ko ka fita Hachioji ko Saitama ko Chiba, za ka samu na 50,000 zuwa 70,000, sai dai ka yarda da doguwar tafiya a jirgin ƙasa kullum. To kuma ba hayar ce kaɗai ba. Ranar sa hannu za ka biya shikikin, wato kuɗin ajiya da za a cire gyara a ciki in ka tashi, sannan reikin, wannan kyauta ce kawai ga mai gida ba ta dawowa har abada, ga ladan dillali kusan hayar wata guda, ga inshorar gobara, ga kuɗin canza makulli, ga kamfanin da zai tsaya maka lamuni tunda ba ka da ɗan'uwa ɗan ƙasa. In ka haɗa duka sai ka ga hayar wata huɗu zuwa shida ta tafi ba ka ma kwana a ɗakin ba. Bayan shekara biyu kuma yawanci sai ka ƙara biyan na wata ɗaya kuɗin sabunta yarjejeniya.

Ranar da na fara karɓar makullin ɗaki a can, da na buɗe ƙofa na tarar ba firij, ba injin wanki, ba labule, ko ƙwan fitilar tsakiyar ɗakin babu sai mazauninsa a silin, da hasken waya na yi shimfiɗa a daren. Haka ɗakunansu suke zuwa, wayam. Kuma ka shirya zuciyarka, akwai masu gida da dillali zai buga wa waya a gabanka su ce ba sa ba baƙo haya, abin yana da ciwo wallahi amma yana faruwa. Shi ya sa nake cewa yau ɗin nan ka rubuta wa ofishin ɗalibai baƙi na jami'arka ka nemi ɗaki a hostel, ya fi araha nesa ba kusa ba, da gado da tebur a ciki, ba reikin ba dillali. Akwai kuma gidajen UR, wato gidajen haya na wata hukumar gwamnati, su ma ba reikin ba mai lamuni ba kuɗin sabuntawa, sai dai suna duba ƙarfin samun mutum.

Cikin kwana 14 da samun wurin zama ka je ofishin unguwa ka yi rajistar adireshi, a nan za ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, kana biyan ɗan abu duk wata, in ka je asibiti kashi 30 cikin 100 na kuɗin ne za ka biya. Wuta da gas da ruwa da waya ka ware musu kamar 15,000, lokacin sanyi ya kan haura don hita na shan wuta sosai.

Abinci kuwa, in kana girki 30,000 zuwa 35,000 za ta kai ka wata. Shinkafa ta yi tsada daga 2024 zuwa 2025, buhun kilo 5 ya haura yen 4,000, amma shinkafarsu mai danƙo ce, tuwo take yi kamar don shi aka yi ta. Kuɓewa tana nan a kowane kanti, sunanta ma okura, lalo kuma moroheiya suke ce masa, da bazara ake samu. Kuka da daddawa da yaji dai ka taho da abinka, amma kar ka kuskura ka ɗauko kilishi ko dambun nama, an hana shiga da nama kuma da gaske suke a filin jirgi. Kajin halal daskararru daga Barazil ana samu a kantunan Gyomu Super da sauƙin kuɗi, naman rago da kayan ƙamshi kuma sai unguwar Shin-Okubo, akwai layin shagunan Musulmi a can, sannan masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara shi ma yana da kantin halal, in ka je Juma'a sai ka yi cefane gaba ɗaya. Abin da zai fi ba ka wahala kayan leda ne da abincin gidan cin abinci, don ruwan naman alade da giyar girki irin su mirin suna shiga miya, biskit, har burodi wani lokaci. Ka haddace haruffa biyu tun kafin ka tafi, 豚 alade ne, 酒 giya ce, ka riƙa juya leda kana dubawa. Da daddare kuma kantuna suna liƙa wa kifi da sauran abincin da ya rage takardar ragi har rabin kuɗi.

Aikin wucin gadi yana halatta in ka karɓi izini daga shige da fice, awa 28 a mako, kuma mafi ƙarancin lada a Tokyo daga Oktoban 2025 yen 1,226 ne a awa. Kar ka wuce awannin nan ko da minti ɗaya, suna iya hana ka sabunta biza a kai.

Maganar iyali, gaskiya ban ba ka shawarar ku sauka tare ba. 144,000 ga mutum uku a Tokyo takura ce, kuma yawanci sai ka isa ne za ka nema musu takardar cancanta ta bizar iyali, a duba ko za ka iya riƙe su. Ka tafi kai kaɗai, ka yi wata shida ka san gari, ka tambaya ko jami'arka tana da ɗakunan masu iyali ka sa sunanka a layi tun makon farko. In sun iso aka yi musu rajista, yaron zai samu tallafin yara, yen 15,000 a wata in bai kai shekara 3 ba, 10,000 in ya wuce, kuma kuɗin asibitinsa unguwa ce za ta ɗauka.