Tambayi Likita: Gwiwar Bopanna, tramadol da makomar Indiya a kofin Davis

Tambayoyin da na zaɓo a wannan karon duk sun shafi wasan tanis, kuma yawancinsu sun taɓo 'yan wasan Indiya da ke wakiltar ƙasarsu a gasar ƙasa da ƙasa. Akwai guda ɗaya da ta tayar mini da hankali, don haka zan fi daɗewa a kanta.

Tambaya: Likita, me ya sa 'yan tanis suke cin ayaba idan suka zauna hutawa a tsakiyar wasa? (Daga Zariya)

Amsa: Saboda tana ɗauke da sukarin da jiki yake saurin amfani da shi, kuma ba ta yi wa ciki nauyi. Dabino ma yana yin wannan aikin.

Tambaya: Ina karatu a Bengaluru, kuma abokaina Indiyawa kullum suna kukan cewa ƙasarsu ta iya wasan 'yan bibbiyu amma ba ta da ƙarfi a wasan ɗai-ɗai. Wani ya ce halittar jikinsu ce ba ta da juriya. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗana. Ƙasar da ta kai wasan ƙarshe na kofin Davis, wato gasar tanis ta maza tsakanin ƙasashe, a 1966 da 1974 da 1987 ba za a ce jikin mutanenta ba ya ɗaukar wasan ɗai-ɗai ba. (A 1974 ma ba doke su aka yi ba, ƙin karawa suka yi da Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata.) Abin da nake gani da idon likita shi ne ƙarancin 'yan wasan da suka kai matakin duniya, ta yadda rauni guda ɗaya ya isa ya rusa tawaga. A karawar kofin Davis ana yin wasa huɗu na ɗai-ɗai da wasa ɗaya na bibbiyu, saboda haka komai gwanintar Leander Paes da Mahesh Bhupathi a zamaninsu, maki ɗaya kacal wasan bibbiyu yake kawowa. Yuki Bhambri, wanda ya ci gasar matasa ta Ostareliya a 2009, ciwon gwiwa ya cinye masa shekaru har ya koma wasan bibbiyu. Sumit Nagal an yi masa tiyatar ƙugu a ƙarshen 2021. A watan Satumba na 2024, da Nagal ya ce bayansa yana ciwo bai je Suwidin ba, sai da aka saka Sriram Balaji, ɗan wasan bibbiyu, ya buga ɗai-ɗai, aka kuwa lallasa su 4-0. Shekara guda bayan haka, da Nagal da Dhakshineswar Suresh suka je Suwizalan da ƙoshin lafiya, Indiya ta yi nasara 3-1, alhali wasan bibbiyun ne ma ta rasa. Makomarsu ta dogara da samun mutum uku ko huɗu masu lafiya a lokaci guda, tare da masu gashin ƙashi da ke kula da su tun suna yara, kafin jijiya ta lalace.

Tambaya: Likita, shekarata 22, ina buga tanis a Kaduna, kuma wata huɗu ke nan gwiwata ta dama tana ciwo, wani lokaci har da kumburi. Na ji cewa Rohan Bopanna ya zama na ɗaya a duniya yana da shekara 43 ba tare da guringuntsi a gwiwarsa ba, da taimakon maganin kashe ciwo. Abokina ya ce in riƙa shan tramadol mai lamba 225 kafin wasa, tunda daga Indiya ake kawo ta, ita ce sirrinsu. Wani mai kemis kuma yana yi mini allurar diclofenac. Mene ne shawararka?

Amsa: Ɗana, shawarata ta farko ita ce ka daina karɓar wannan allurar daga yau, ka kuma je asibiti a duba gwiwar nan cikin wannan makon.

Bari mu fara da labarin Bopanna, domin rabinsa kawai aka ba ka. Gaskiya ne ya hau matsayi na ɗaya a wasan bibbiyu a watan Janairu na 2024, ya kuma ci gasar Ostareliya tare da Matthew Ebden yana da shekara 43, kuma gaskiya ne shi da bakinsa ya ce guringuntsin gwiwoyinsa ya cinye. Amma abin da ya bayyana shi ne cewa a lokacin da yake haɗiyar magungunan kashe ciwo kullum, wahala yake sha, kuma abin da ya fitar da shi shi ne motsa jiki irin na yoga da ya kama a zaman gida na korona, wanda ya ƙarfafa masa tsokar cinya da ta ƙugu har suka rage wa gwiwa nauyi, ya daina dogara da ƙwayoyin. Sannan ka tuna a wancan lokacin wasan bibbiyu yake yi, inda mutum biyu suke raba fili, kuma yana da mai kula da jikinsa da ke biye da shi. Kai kuma fa? Abokinka da mai kemis.

Zancen cewa tramadol ce sirrin 'yan wasan Indiya ƙarya ce tsagwaronta. Tun daga 1 ga Janairu, 2024, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa, wato duk ɗan wasan kofin Davis da aka samu da ita a fitsarinsa ba tare da izinin likita na musamman ba, dakatarwa ce take jiransa. Ita kanta gwamnatin Indiya tun 2018 ta saka maganin cikin jerin ƙwayoyin da ake tsananta sa ido a kansu. Wadda muke rubutawa a asibiti mai miligiram 50 ce ko 100, na 'yan kwanaki, ga wanda aka yi wa tiyata ko ya karye. Mai lamba 200 da 225 da ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa ba ta cikin abin da NAFDAC ta amince da shi, kuma ba wanda zai tabbatar maka abin da ke cikin ƙwayar. Wasu ma ba tramadol ba ce, haɗin tapentadol ne da carisoprodol, wanda Indiya ta hana sarrafawa da fitarwa a 2025 bayan an fallasa irin ɓarnar da yake yi a Afirka ta Yamma.

Tramadol dangin hodar opiyam ce. Tana iya jawo farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin ta ba, tana rage numfashi, musamman idan an haɗa ta da kodin ko giya ko maganin barci, kuma jiki yana sabawa da ita cikin makonni kaɗan, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta koma biyu, biyu su koma huɗu. Ita kuma diclofenac, idan aka yi ta maimaita ta, tana haddasa gyambon ciki da zubar jini a hanji, kuma tana taɓa ƙoda, balle ga mutumin da ya yi awa biyu yana zufa a ranar Kaduna bai sha isasshen ruwa ba. Wallahi abin yana ƙona mini rai, yadda mutum zai ɗauki sirinji ya soka wa matashi allura don ya je ya yi gudu a kan gwiwa mai kumburi, bai ko taɓa gwiwar ya ji abin da ke cikinta ba.

Ciwo mai gadi ne da ke ihu cewa ɓarawo ya shigo. Idan ka ɗaure masa baki, ɓarawon yana nan yana kwasa. Gwiwa mai kumburi a shekarunka tana iya zama yagewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, ko saɓulewar jijiyar da ke riƙe gaɓar, ko kumburin jijiyar ƙoƙon gwiwa, kuma kowanne da irin maganinsa. Yawancinsu suna warkewa da hutu da motsa jiki na musamman idan an zo da wuri. Idan gwiwar tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana sakin ka kana tafiya, ko ta yi zafi tare da zazzaɓi, kada ka kwana. Ka ga likitan ƙashi a nan Kaduna, ko ka nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano. Idan kuwa ka riga ka fara shan tramadol ɗin kullum ba ka faɗa mini ba, kada ka yanke ta lokaci guda kai kaɗai. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, za su taimaka maka ka sauka a hankali, kuma babu abin kunya a ciki. Ka kai wa abokinka wannan amsar ya karanta.

Tambaya: Gwiwar hannuna tana ciwo idan na riƙe raket ko na ɗaga buta. An ce in je a yi mini sakiya. (Daga Maraɗi)

Amsa: Malam, kada ka bari a ɗora maka ƙarfe mai zafi. Jijiyar da ke miƙar da wuyan hannu ce ta gaji a inda ta manne da ƙashi, ƙuna kuwa ba za ta ƙara maka komai ba sai gyambo da haɗarin sandarewar haƙora. Ka rage wasa na wasu makonni, ka sa a duba kaurin mariƙin raket ɗinka, ka ga mai gashin ƙashi. Idan akwai sanyin yatsu ko rashin ƙarfi a hannun, ka je asibiti.

Tambaya: Na karanta cewa Leander Paes ya ci gaba da wasa tsokarsa tana ɗaurewa har ya ci Pakistan. Idan hakan ta same ni, in daure? (Daga Sakkwato)

Amsa: An yi haka a Mumbai a 2006, inda ya doke Aqeel Khan a turmi na biyar, amma da masu kula da lafiya a gefen fili. Kai ka tsaya, ka shiga inuwa, ka miƙe tsokar a hankali, ka sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin tsoro shi ne idan ɗan wasa ya fara ruɗewa, ko surutai, ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau. Wannan bugun zafi ne, yana kisa. A kwarara masa ruwan sanyi, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti nan take. A watan Afrilu na Sakkwato kada ka yi wasa da tsakar rana, da azumi kuwa ka bari sai bayan buɗa-baki. Mai sikila ya tuntuɓi likitansa tukuna.

Tambaya: Likita, wata biyu da haihuwata, ina son komawa fili kamar Sania Mirza. (Wata 'yar'uwa daga Abuja)

Amsa: Hajiya, Sania ta haihu a watan Oktoba na 2018, ba ta koma gasa ba sai Janairun 2020, sannan a watan Maris na shekarar ta taimaka wa matan Indiya suka kai zagayen share fage na kofin Fed, wato gasar tanis ta mata tsakanin ƙasashe, a karon farko. Fiye da shekara ke nan tana shiri. Ki fara da tafiya da ƙarfafa tsokar mara bayan likitarki ta duba ki, gudu da tsalle su jira akalla wata uku. Idan kina haki ko ƙafafunki suna kumbura, ki je a duba zuciyarki, kuma ki rabu da kunun kanwa.

Tambaya: An ce Paes ya taɓa samun tsutsa a ƙwaƙwalwa. Tunda ba ma cin naman alade, ai ba ruwanmu ko? (Wani ɗalibi a Delhi)

Amsa: Da ruwanmu. A 2003 aka ga wani abu a hoton ƙwaƙwalwar Paes, aka zaci ƙari ne, daga baya aka gano 'ya'yan tsila ne. Ya sha magani ya warke ya koma wasa. Cin naman alade yana kawo tsilar cikin hanji, amma mai zuwa ƙwaƙwalwa ƙwayayenta ake haɗiya ta ruwa, ko ganye, ko abincin da mai ɗauke da tsilar ya taɓa bai wanke hannu ba, shi ya sa take kama har waɗanda ba sa cin nama kwata-kwata. Ka kula da ruwan da kake sha da salak ɗin bakin titi. Duk baligin da ya faɗi yana jijjiga a karon farko, a kwantar da shi a gefensa, kada a tura masa cokali a baki, kada kuma a tsaya ga cewa iska ce. A yi masa addu'a a kan hanyar asibiti, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa.